Sulhun Koriya a Kasuwar Maiyama

Duk wanda ya zauna Jega a shekarun da faifan CD ya fara korar kaset ya san Waliyyu Koriya. In ido bai gan shi ba, kunne ya ji shi. Ɗan kamasho ne a tasha, dogo, siriri, muryarsa ta fi jikinsa kauri. Sau ɗaya ya taɓa bin motar albasa zuwa Ikko, ya kwana huɗu, ya dawo da labarin da ya ishe shi shekara tara. A cewarsa ya yi dako a jirgin ruwan mutanen Koriya, suka ga hankalinsa, suka koya masa harshensu tas, har shugaban jirgin ya yi hawaye ranar rabuwa. Direban da ya kai shi ya ce iyakar Waliyyu kasuwar albasa, yana gadin buhuna. Amma direban ba shi da murya irin ta Waliyyu, don haka nasa labarin bai yi nisa ba.

A shekarar da abin ya faru gari yana cikin wani hali. Buba Mahauci, yayan matar Waliyyu, ya sayi bijimi a Maiyama, ya ɗora a motar Yahaya Direba, abokinsa tun na wasan ƙasa. A hanya jaki ya gitta, Yahaya ya taka birki, bijimi ya tsinke igiya ya dira ya shige dawa, ba a sake ganin ko kashinsa ba. Buba ya ce birki ne. Yahaya ya ce igiya ce. Daga birki da igiya magana ta kai ga iyaye da kakanni. Direbobi suka rantse ba za su ƙara ɗaukar dabbar mahauta ba, mahauta suka rantse direba ba zai ƙara lasar ko tsinken tsire ba. Wata uku ana koro shanu a ƙasa, su iso a rame, direbobi kuma na cin tuwo da miya lami. Liman ya sa baki, sarkin tasha ya sa, sarkin fawa ya sa, duk a banza.

Ana cikin haka Ladan, mai gidan kallo a Sabon Gari, ya tashi tafiya Sakkwato duba surukarsa. Waliyyu ya manne masa tun daga shago har tasha.

"Bar mani mabuɗi, Ladan. Kwana huɗu ne fa."

"Kai? Ko rediyo ba ni ba ka riƙo."

"To sabon fim ɗin da ɗan Anaca ya kawo maka, na Koriya ne. Wa za ya fassara? Kai da Hausa ma sai ka yi tuntuɓe?"

Mota na shirin tashi, Ladan ya gaji, ya wurgo mabuɗi ta taga. "Kada ka fitar da komi daga shagon! Kuma faifai biyu ne, ka duba..." Ƙarar mota ta haɗiye sauran, Waliyyu kuwa ya riga ya juya.

Bayan la'asar benci ya cika, har ana zama a kan cinyar juna. Faifan biyu suna cikin leda, babu kwali, babu hoto. Waliyyu ya ɗaga su a hasken ƙofa, ya juya wannan, ya juya wancan, ya zaɓi wanda ya fi ƙyalli.

"A Koriya mai ƙyalli shi ag gaba," ya ce, ya tura shi ciki.

Ko sallama fim ɗin bai yi ba. Ana buɗewa sai ga mutane cikin wani ɗakin ajiyar kifi suna saran juna da gatari da sanduna. Wani mai tabo a kumatu yana jagorantar ɓangare guda, wani mai baƙar kwat yana jagorantar ɗayan. Ɗaki ya ɗauki ihu.

Jabir Tela, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya ce, "Waliyyu, mi ya haɗa su?"

"Ba ka ji abin da mai tabo yac ce ba? Cewa ya yi, wa ya taɓa mani kifi."

"Ai bakinsa bai motsa ba."

"Koriyanci da ciki aka yin shi. Ka yi shiru ka ƙaru."

Aka yi tseren motoci, aka fasa gilasai, aka ƙona wani gida. Can sai aka kamo wani ɗan siriri mai tabarau, yana kuka yana roƙo, aka cusa shi cikin durom, aka rufe, aka mirgina shi cikin teku.

"Inna lillahi! Sun kashe shi!"

"Wa yac ce? Wankan sarauta ne," in ji Waliyyu, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ni da idona na ga an yi wa wani a jirginmu."

Daga nan mai kwat ya tare mai tabo a bakin ruwa, ana zabga ruwan sama, ya harbe shi, ya zauna kusa da shi yana kuka. Kiɗa mai sanyi ya tashi, allo ya yi baƙi, rubutu ya fara hawa sama layi-layi. Mutane suka fara laluben takalma.

"Ku zauna! Ina za ku? Wannan sunayen dattawan da anka gayyata zaman sulhu ne. Yanzu anka fara."

Ya sa faifai na biyu. Sai ga mai tabo garau, ya sha aski, yana wasa da wata yarinya a kan lilo. Sai ga waɗanda aka sassare ɗazu suna shan shayi. Sai ga ɗan siriri mai tabarau, ko jiƙewa bai yi ba.

Jabir ya miƙe tsaye. "Wanga ba shi munka bari kwance cikin ruwa ba?"

"Suma ya yi."

"Harsashi uku a ƙirji?"

"Kai harsashin Koriya ka sani? Sai an yi niyyar kisa ya ke kisa. Ba ka ga mai harbin na kuka ba? Niyya ba ta cika ba."

Wani daga baya ya ce, "Allahu akbar, ilimi kogi!" Jabir ya zauna yana sosa ƙeya.

Duk tsawon faifan ɗan siriri bai huta ba. Ya je wajen mai tabo ya yi masa raɗa a kunne, ya hau mota ya je wajen mai kwat ya yi masa tasa raɗar. Daga bisani sai ga mai tabo da mai kwat a wani ɗan shago, tukunyar taliya guda a tsakaninsu, suna ɗiba da tsinkaye bibbiyu suna dariya. Mai tabo ya ɗaga kofi, ya buɗe baki zai yi magana, sai allo ya koma shuɗi, ɗif.

Jabir ya waiwayo.

"Ya ƙare?"

Waliyyu ma bai sani ba. Ya buga injin, ya hura, ya sake bugawa, shuɗin bai motsa ba. Sai ya haye benci ya gyara hula.

"Ya ƙare, kuma a nan hikimar take! Ku kun saba da fim ɗin da za a tauna a ba ku a baki. Mutumin Koriya in ya kawo ka bakin rijiya sai ya bar ka da guga. Mi za ya ce bayan an ci tukunya guda? Magana ta ƙare! Abin da fim ɗin ga ke koyarwa shi ne, gaba ƙurji ce, ba ta warkewa sai ta nuna ta fashe. A bar mutane su daki juna har su gaji, sannan mai hankali ya shiga tsakani da raɗa, sannan a kawo taliya. Kuskuren dattawanmu ke nan, suna kawo haƙuri tun ba a daku ba. Kuma jarumin ba mai tabo ba ne, ba mai kwat ba ne. Ɗan siririn nan ne. Ku dube shi da kyau, ku dube ni."

Aka duba. Gaskiya akwai kama, har wuyan.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Delu tana tankaɗe. Ya zauna a kan turmi ya zayyana mata komai, har da kwaikwayon faɗuwar mai tabo.

"Kafin Ladan ya dawo na sulhunta Yaya Buba da Yahaya. Abin da ya gagari liman. Daga nan ki ji ana kiran mijinki har Birnin Kabi."

"Ta yaya, Baban Aliya?"

"Sai na fara haɗa su faɗa tukuna."

Delu ta ajiye rariya. "Ai faɗan suke yi."

"Wanga faɗa ne? Gaba ce ɗanya. Ni nunar da ita zan yi."

"Mutumin da ya mutu ya tashi ya ci taliya, kai kuma ka yarda?"

"Kin taɓa zuwa Koriya?"

"Kai ka taɓa?"

"Na shiga jirginsu, jirginsu kuwa ƙasarsu ce."

"To Allah ya sa kada ka jawo mana abin da za mu rasa yaya, mu rasa miji." Ta ɗauki rariyarta.

Washegari ya ari tabarau a wajen mai gyaran agogo, wanda in ya sa shi ƙasa sai ta yi masa tudu-tudu, ya hau mota zuwa Aliero, inda Yahaya ke lodin albasa. Ya same shi a gindin tulin buhuna, ya matso, ya kafa baki a kunnensa.

Yahaya ya ture shi. "Mi ne haka? Ka yi magana daga can, ina ji."

"Maigida, sirri ne. Yaya Buba yac ce kai ba direba ba ne, jaki ma ya fi ka sanin hanya, shi ya sa kat tsaya ka gaishe shi."

Yahaya ya ɗaure fuska. "Buba yac ce haka?"

"Har da ƙari. Yac ce in kai namiji ne ka same shi rumfar Gudiya mai abinci ran kasuwar Maiyama, bayan azahar."

Masu lodi suka bar aiki suka kewaye su. Ganin jama'a ya sa kan Waliyyu ya kumbura.

"Amma kada ka damu, zan koya maka dukan Koriya. Ƙafa ɗaya, mutum uku. Ku ba ni wuri."

Aka ba shi wuri. Ya tattare riga, ya yi wata ƙara, ya juya a kan dunduniya, ya wurga ƙafa sama. Tabarau ya nuna masa tulin buhunan yana can nesa, alhali yana nan kusa. Ƙafar ta shige tsakanin buhu biyu na ƙasa ta maƙale. Ya fizga. Tulin ya yi tunani kaɗan, sannan ya yanke shawara. Buhu ashirin da wani abu suka sauko, uku suka fashe, albasa ta bazu har bakin titi, awaki suka yi sallah. Na Waliyyu ba a ganin komai sai hula da hannu guda yana lilo.

Da aka zaƙulo shi idanunsa na zuba kamar famfo.

"Kuka kake, Koriya?"

"Albasa ce! Kuma ma haka mai kwat ya yi, kuka na cikin tsarin."

Aka ɗauke shi a kura zuwa gidan wani tsoho mai ɗori. Tsohon ya latsa ƙafar, Waliyyu ya kira sunan kakarsa.

"Targaɗe ne, ɗana. Kwana biyu ka taka."

"Baba, duba da kyau. Karaya ce, wuri biyu."

"Shekara hamsin ina wanga aiki."

"To ko don mutane ka ɗaura mani kara. Ba a dawowa daga Aliero hannu rabbana."

Tsohon ya dube shi, ya girgiza kai, ya ɗaura masa karare tun daga idon sawu har cinya, ya tamke su yadda ko ya so lanƙwasa gwiwa ba zai iya ba.

Haka ya isa mahauta kashegari, yana jan ƙafa kamar mai jan itace. Buba na fiɗa, ya ɗago.

"Subhanallahi! Mijin Delu, mi ya same ka?"

Waliyyu ya nufi kunnensa. Buba ya tare shi da bayan wuƙa. "Daga nan."

"Yaya, a kanka ne. Na je Aliero na ce a ji tsoron Allah a bar zaginka. Yahaya yac ce igiyarka ko kaza ba ta ɗaurewa, wai da zaren wandonka kaɗ ɗaure bijimin. Na ce ban yarda ba. Ka ga abin da sunka yi mani."

Mahauta suka ajiye aiki. Buba mutum ne mai sanyi, amma ranar jijiyar wuyansa ta tashi.

"Sun karya mijin ƙanwata?"

"Wuri biyu. Kuma yac ce shina jiranka rumfar Gudiya gobe bayan azahar."

Kowa ya jawo wuƙarsa. Sai ƙarar wuƙaƙe a kan dutsen wasa, shuu, shuu. Waliyyu ya koma gida yana murmushi, ya ce wa Delu ƙurji ya nuna. Delu ta yafa mayafi ta tafi gidan yayanta ta rantse masa targaɗe ne, amma Buba ya ce rufin asirin miji take yi.

Ran kasuwa tun da hantsi Waliyyu ya kwashe talabijin ɗin Ladan da injin faifai da janareto, ya loda a akori-kura zuwa Maiyama. Nufinsa in an gama dakuwa a nuna wa kowa fim ɗin, su ga inda aka dosa. Ya sa Gudiya ta dafa taliya tukunya guda da manja da yaji, ya ce kada ta kawo cokali.

"Da mi za su ci?"

Ya zaro tsinkayen tsire huɗu daga aljihu.

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Gudiya. "In anka fasa mani tukunya, kanka zan dafa a ciki."

Ana sallame azahar suka ɓullo. Mahauta daga wajen kara, kasuwar shanu, su goma sha, kowa da abin aikinsa a ɗamara. Direbobi daga wajen tasha, kowa da ƙarfen kwance taya. 'Yan kasuwa suka fara tattara kaya, mata na jan 'ya'yansu. Wani dattijo daga Liba da ya kawo gero ya haye kan buhunansa yana salati.

A talabijin gatari ba ya wari. A nan kuwa Waliyyu ya ji ƙarnin wuƙar Buba tun daga nesa, ya ga rana na walƙiya a bakinta, ya tuna wannan wuƙar ba ta san zancen niyya ba. Ya so gudu, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa. Sai ya faɗa tsakiya yana ɗaga hannuwa.

"Tsaya! Ku tsaya! An yafe faɗan! An riga an yi shi a ƙafata, ya wadatar! Yanzu sai mataki na gaba!"

"Wane mataki?" in ji Yahaya.

Waliyyu ya fizgi igiyar janareto. Ya tashi da tari da hayaƙi, talabijin ya kawo shuɗi. Talabijin a tsakiyar kasuwa da rana tsaka ba abin da ake gani kullum ba ne. Wuƙaƙe suka ɗan sauka, wuyaye suka miƙe. Kafin a farga ya ja Buba ya zaunar a benci, ya ja Yahaya ya zaunar a gabansa, ya dire tukunya a tsakiya, ya damƙa wa kowa tsinke biyu.

"Ku ci. Haka manyan Koriya ke kashe gaba. Wanda ya fara kai loma shi ne babba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kama su. Buba ya soka tsinke, taliya ta zame. Yahaya ya naɗo, ya kawo ta dab da baki, ta sulale ta sauka a gemunsa. Buba ya kama guda ɗaya tal, ta tsinke. Jama'a suka fara zuga, mahauta na bayan nasu, direbobi na bayan nasu, kamar ana dambe. Waliyyu ya ga abu na tafiya, muryarsa ta dawo. Ya shiga bayanin ƙurji da nuna da ɗan siriri mai raɗa, yana nuna ƙirjinsa, yana ɗaga faifai mai ƙyalli.

A nan ne kabu-kabu ya tsaya da ƙura, Ladan ya diro. Ya dawo daga Sakkwato ya tarar da shago wayam, Jabir Tela ya ba shi labari tun daga kan wankan sarauta.

"Waliyyu! Ban ce kada ka fitar da komi ba?"

"Ladan, aikin al'umma ne. Zauna ka ga ƙarshen..."

Ladan ya fizge faifan, ya duba tsakiyarsa, ya ɗauki ɗayan ya duba. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, har ya dafa rumfa.

"Wanne ka fara sawa?"

"Mai ƙyalli mana."

"Jama'a, ku zo ku gani. Baba, kai da ke sama, mi ar rubuce nan?"

Dattijon Liba ya sauko ya ƙura ido. "Wanga biyu ne. Wancan ɗaya."

"Lambar Koriya daga ƙarshe take farawa," in ji Waliyyu da sauri.

"To bari mu bi ta Jega mu gani."

Ladan ya sa na ɗaya, yana turawa gaba yana tsayawa a wuraren da suka dace. Jama'a suka matso. Aka ga mai tabo da mai kwat aminai, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Aka ga ɗan siriri ya yi raɗa a nan, fuska ta ɓaci, ya yi raɗa a can, fuska ta ɓaci. Aka ga cin taliya. Da aka kalle shi a wurinsa sai kowa ya lura dariyar ba ta kai ido ba, kuma hannun mai kwat na ƙarƙashin tebur. Allo ya yi shuɗi. Ladan ya sa na biyu, sai gatari.

Gudiya ta dafe ƙirji. "Au! Ashe taliyar ta bankwana ce?"

Buba ya dubi tsinken hannunsa, ya dubi Yahaya. Yahaya ya dubi tukunya, ya janye benci baya kaɗan.

Aka zo wajen durom. Yanzu ba mai bukatar fassara. Ɗan siriri na roƙo, ana nuna masa gawarwaki, ana nuna bakinsa. Aka zo bakin ruwa, mai kwat ya harbi amininsa, ya zauna yana kuka shi kaɗai cikin ruwan sama, babu wanda ya tashi.

Dattijon Liba ya share ido da hannun riga. "Ni ban jin yarensu, amma na gane. Mutum biyu sun ci tukunya guda shekara da shekaru, ɗan kai-da-kawo ya shiga tsakani. Wanda ya mutu ya huta, wanda ya yi saura shi ya yi hasara. Wanga ai ko a Liba mun san shi."

Yahaya ya goge gemu a hankali. "Buba. Kai kac ce jaki ya fi ni sanin hanya?"

Wata uku ke nan rabon da ya kira sunansa.

"Ni? Yaushe? Kai ne kac ce da zaren wando na ɗaure bijimi, kuma ka karya mani suruki."

"Ni na karya shi? Albasa ta faɗo mai! Aliero duka shaida ne!"

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Waliyyu ya riga ya kai bakin rumfa, yana jan ƙafar kara, tabarau na nuna masa rami inda babu rami.

"Ku tsaya ku ji, akwai wata fassarar! A wani ƙaulin ɗan siririn..."

"Mi kac ce sunan abin durom ɗin nan?" in ji Ladan.

Masu kallon Jega da ke wurin suka amsa baki ɗaya: "Wankan sarauta!"

A bayan rumfar Gudiya akwai durom na ruwan wanke-wanke, tun safe ake zuba masa kanzo da manja da ƙashin kifi. Buba ya kama hannuwa, Yahaya ya kama ƙafafu, kamar yadda suka saba ɗora kaya tare tun suna samari, ko shawara ba su yi ba. Sai dai ƙafar kara ta ƙi shiga, don haka aka tsoma shi ta kai, ƙafar na tsaye a sama kamar tuta. Sau uku. Duk fitowa sai ya ja numfashi ya ce, "A Koriya sau ɗaya..." sai a mayar. Kasuwar Maiyama ta yi dariyar da har shanun kara suka firgita.

Bayan nan Buba da Yahaya suka wanke hannu, suka jefar da tsinkaye, suka cinye taliyar da yatsu biyar. Da la'asar aka ɗora shanun mahauta biyu a motar Yahaya. Buba ya ɗaure su da igiya ninki uku yana harararsa, Yahaya ya ce ko ninki goma ne igiyar Buba igiyar Buba ce. Suka shiga gaba tare, suna musun birki da igiya da ƙarfi har Jega. Waliyyu kuwa an ajiye shi a baya tsakanin shanun, ɗaya na lasar manjan da ke kunnensa.

A tasha jama'a sun taru, labari ya riga mota. Waliyyu ya sauko yana ɗiga, ya ɗaga hannu.

"Kun gani? Kwana huɗu nac ce, kwana huɗu ne. Wa ya sulhunta su in ba ni ba?"

Ba wanda ya iya musa masa, dariya ta hana.

A gida ya tarar da Delu tana jiransa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwan wanke hannu da tsinken sakace, ta ajiye a gabansa, ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya sa ya zauna da kyau." Ta juya za ta shige ɗaki.

"Delu, ina tuwon?"

"Ai ka gama, Baban Aliya. Yau daga ƙarshe munka fara."